Abin da Ruwa Ya Bari: Daga Bakin Teku zuwa Titunan Maiduguri

Duk wanda ya dubi taswirar Nijeriya zai ga cewa Maiduguri ba ta kusa da teku. Kafin mutumin Yerwa ya ga inda manyan jiragen ruwa suke tsayawa, sai ya yi tafiyar da ta zarce kilomita 1,000 a mota. Amma a watan Satumba na shekarar 2024 mutanen wannan birni sun ɗanɗana wani aiki wanda mazauna bakin teku suka daɗe da saninsa, wato aikin kwashe abin da ruwa ya ɗauko daga wani wuri ya zo ya zube maka a ƙofar gida. A wannan darasi za mu duba yadda ake yin wannan aiki. Za mu leƙa bakin teku a ƙasashen da kayan jirgi suka taɓa zubewa, sannan mu dawo gida mu ga abin da ya faru a Maiduguri, domin darasin wani wuri yakan haskaka na wani.

Yadda kaya suke faɗawa teku

Yawancin hajar ƙasashen waje da ake sayarwa a kasuwanninmu ta teku take zuwa. Ana zuba ta a cikin manyan sunduƙan ƙarfe waɗanda ake kira kwantena. Wata tsawonta ƙafa 20 ne, wata kuma ƙafa 40. Su ne kuke gani a bayan tireloli a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri. A cikin jirgi ana jera su ne ɗaya bisa ɗaya, kamar yadda magini yake jera bulo, a ɗaure su da sandunan ƙarfe. A kowace shekara jirage suna jigilar kwantena kimanin miliyan 250. Kusan dukkansu suna isa lafiya, amma ɗaruruwa, wata shekarar ma dubbai, sukan faɗa ruwa idan guguwa ta taso, jirgi ya yi ta tangaɗi har maɗauran suka karye.

Haka ya faru a daren 1 ga Janairu, 2019, wayewar 2 ga wata. Wani ƙaton jirgi mai suna MSC Zoe, wanda tsawonsa ya kusa mita 400, yana kan hanyarsa daga Fotugal zuwa tashar Bremerhaven ta Jamus, sai iska mai ƙarfi ta rutsa da shi a arewacin ƙasar Holan. Kwantena 342 suka zube. Da gari ya waye, mutanen tsibiran Terschelling da Vlieland da Ameland da Schiermonnikoog suka tarar da gaɓarsu ta zama tamkar kasuwar da aka watse: ga takalma, ga akwatunan talabijin, ga kujeru, ga kayan wasan yara, ga kuma farin soson roba da ake naɗe kayan lantarki da shi, ya farfashe ya bazu ko'ina.

Kwantenar da ta faɗa ruwa ba nan take take nutsewa ba. Idan akwai iska a cikinta, ko kayan da ta ɗauko marasa nauyi ne, takan yi ta yawo a saman ruwa, rabinta a nutse, ta zama hatsari ga ƙananan jiragen masunta. Daga baya ko dai ta nutse, ko igiyar ruwa ta buga ta har ta fashe. Daga nan sai kayan su rabu gida biyu. Masu nauyi su kwanta a ƙarƙashin teku, marasa nauyi kuwa iska da igiyar ruwa su kora su gaɓa.

Akwai wani abu game da teku da ya kamata wanda bai taɓa ganin ta ba ya sani. A yawancin gaɓoɓi teku tana cika tana janyewa sau biyu a kowace rana, saboda jan da wata yake yi wa ruwan duniya. Idan ta cika sai ta turo tarkace sama, idan ta janye sai ta bar shi a jere, kamar an ja layi. Masu aikin tsabtacewa suna da 'yan sa'o'i kaɗan ne kawai. Abin da ba su kwashe ba kafin ruwa ya dawo, teku za ta sake ɗaukarsa, ta kai shi wata gaɓar, ko yashi ya binne shi. Saboda haka ne gwamnatin Holan ta tura sojoji su taimaka wa ɗimbin 'yan sa kai da suka fito da buhuna da taraktoci.

Daren da Alau ta ɓalle

An gina madatsar ruwa ta Alau a tsakiyar shekarun 1980, a kan kogin Ngadda, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, domin ta ba birnin ruwan sha, ta kuma taimaka wa manoman rani. Ngadda yana ratsa tsakiyar gari, ya wuce ya zube a fadamar Jere inda ake noman shinkafa. A shekarar 1994 ruwan Alau ya taɓa yi wa Maiduguri ambaliya. Shekara 30 bayan haka, daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawa, madatsar ta cika ta batse, kuma a daren Litinin 9 ga Satumba, wayewar Talata 10 ga wata, wani ɓangarenta ya ɓalle. Ruwan ya shigo gari mutane suna barci.

Ya mamaye unguwanni kamar Gwange da Fori da Gamboru, ya shiga Fadar Shehun Borno, da babbar kasuwar Monday Market, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, inda ya lalata na'urori masu tsada. An yi asarar rayuka. Fiye da mutum 400,000 suka bar gidajensu, kuma Gwamna Babagana Umara Zulum ya ce abin ya shafi mutum kusan miliyan ɗaya. An kwashe mutane da kwale-kwale da manyan motocin soja zuwa sansanoni da makarantu. Ga da yawa daga cikinsu da suka riga suka taɓa gudun hijira saboda rikicin Boko Haram, wannan gudu ne na biyu.

Ceton rai shi ne aikin kwanakin farko, kuma shi ne aka fi gani a labarai. Aikin da ya fi daɗewa, wanda ba a cika ɗaukar hotonsa ba, ya fara ne ranar da ruwa ya janye.

Ruwan ambaliya yana rarraba kaya kamar yadda teku take yi. Inda yake gudu da ƙarfi yakan ɗauki har mota. Inda ya rage gudu, sai ya fara sauke masu nauyi: yashi, da buraguzan gini, da ƙarafa. Laka mai laushi kuwa sai inda ruwa ya kwanta tsit take zama, shi ya sa ake samun ta jibge a cikin ɗakuna da shaguna da azuzuwa. Marasa nauyi, wato leda da robar ruwa da katifa da katako, su kuma sukan maƙale a jikin shinge, da rassan itatuwa, da ƙarƙashin gada. A jikin bango kuma ruwa yakan bar shaida, wani layi mai duhu da yake nuna iya inda ya kai. Wanda ya iya karanta waɗannan alamomi ya san inda zai fara.

Tambaya ta farko: mene ne wannan?

Kafin a taɓa komai, sai an san ko yana da hatsari. Wannan ita ce doka ta farko a bakin teku. Kowane jirgi yana da takardar da ta lissafa abin da ke cikin kwantenoninsa, kuma hukuma takan nemi wannan takarda da gaggawa. A cikin kayan MSC Zoe akwai buhunan wani farin gari, sinadari mai iya kama wuta, mai kuma cutar da fata da ido. An tsinci irinsa a tsibirin Schiermonnikoog, aka gargaɗi jama'a cewa duk wanda ya gani kada ya taɓa, ya kira hukuma.

Ambaliya ba ta da irin wannan takarda. Ruwan da ya ratsa gari ya bi ta masai da kwata da juji da maƙabarta, ya bi ta gidan mai da garejin kanikawa da shagon maganin ƙwari da asibiti. Duk abin da ya kwaso ya cakuɗa shi wuri guda. Don haka lakar da ta kwanta a tsakar gida ba irin lakar gona ba ce; tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, da baƙin mai, da fasasshiyar kwalba, da allurar da aka yi amfani da ita. A Maiduguri ma an sami ƙarin wani hatsari. Ruwa ya shiga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin suka mutu, hukumar gidan kuma ta yi gargaɗi cewa ruwa ya tafi da kadoji da macizai cikin unguwanni. An ga jimina tana yawo a kan titi. Ko ba na gidan namun daji ba, maciji da kunama suna son tulin tarkace, domin su ma tudu suke nema. Mai hankali yakan fara motsa tulin da doguwar sanda kafin ya sa hannu.

Kayan aikin ba masu tsada ba ne: dogon takalmin roba, da safar hannu mai kauri, da takunkumi, da shebur, da manjagara, da baro. Wanda ke da rauni a ƙafa bai kamata ya shiga lakar ba. Yara ƙanana ma ba wurinsu ba ne, ko da yake su ne suka fi ɗokin shiga. Kafin a shiga gida sai an tabbatar an kashe wutar lantarki, an kuma duba bango da rufi, musamman ginin ƙasa, domin katangar da ta sha ruwa takan tsaya kwana da kwanaki sannan ta rufto ba zato.

Akwai wata dabara da magidanta suka sani. Laka tun tana ɗanya ake kwashe ta. Idan ta bushe sai ta ƙanƙare kamar siminti, kuma wajen kankare ta sai ta zama ƙura mai shiga huhu. A nan ma, kamar a bakin teku, lokaci ne yake kora mai aiki.

Tambaya ta biyu: na wane ne?

A nan ne halin ɗan Adam yake fitowa fili. A watan Janairu na 2007 wani jirgi mai suna MSC Napoli ya lalace a kudancin Ingila, aka jawo shi kusa da gaɓar ƙauyen Branscombe, kwantenoni suka zube. Jama'a suka yi dafifi daga garuruwa masu nisa, suna cewa garaɓasa ta faɗi. Aka ga masu tura sababbin babura ƙirar BMW, da masu mirgina ganguna, da masu kwasar ƙunzugun jarirai. A cikin abin da aka wawashe har da kayan ɗakin wasu iyalai da suke ƙaura zuwa wata ƙasa. Wawason ya ƙara dagula gaɓar, domin mai neman abu mai daraja yakan farke kwali ya watsar da sauran. Daga ƙarshe 'yan sanda suka rufe wurin. A dokar Ingila, kayan da suka faɗo daga jirgi suna nan a matsayin mallakar mai su. Wanda ya tsinta dole ne ya kai rahoto ga wani jami'i na musamman cikin kwana 28.

Wannan doka ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan Borno da ƙasar Hausa, akwai babi guda a kan tsintuwa. Wanda ya tsinci abu mai daraja zai riƙe shi amana, ya yi cigiya har shekara guda a wuraren da jama'a ke taruwa, kamar ƙofar masallaci da kasuwa. Cigiya ita ce sanarwar da ake yi don neman abin da ya ɓace ko neman mai abin da aka tsinta. Idan ruwa ya kawo maka akuya, ko keken ɗinki, ko jarkar man gyaɗa, bai mallaka maka su ba. Na wani ne da ke can yana kukan rashinsu, kuma mai yiwuwa shi ke nan jarinsa. A irin wannan hali mai unguwa da limami sukan yi amfani ƙwarai, domin a wurinsu ake ajiye abin da aka tsinta, a wurinsu kuma ake zuwa nema.

Takardu sun fi komai buƙatar wannan kulawa. Takardar shaidar kammala makaranta ko ta fili ba ta da amfani ga wanda ya tsince ta, amma ga mai ita tana iya zama rabin rayuwa. Idan ta jiƙe, a inuwa ake shanya ta, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an goge ta ko an yi ƙoƙarin ɓamɓare waɗanda suka manne da ƙarfi ba.

Abin da bai kamata ya koma kasuwa ba

A ganina wannan ne ɓangare mafi wuya a cikin aikin duka, domin a nan tausayi da gaskiya suke karo. Ɗan kasuwa ya buɗe shago ya tarar da hajarsa ta kwana da kwanaki a cikin ruwa. Bashi ya ci ya saro ta. Zuciya za ta ce masa ya wanke, ya shanya, ya sayar ko da a rabin kuɗi. Ga bokiti da kwano da tukunya wannan daidai ne. A wanke da sabulu da ruwan da aka sa wa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, shi ke nan. Atamfa ma tana wankuwa. Amma abinci da magani ba haka suke ba.

Hatsin da ya sha ruwan ambaliya, ko an shanya shi ya bushe, ya riga ya gurɓata. Masara da gyaɗa da suka yi danshi kuma sukan yi fumfuna, kuma wani nau'in fumfunar yana fitar da guba mai lahanta hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Ƙwayar magani kuwa danshi da zafin rana suna rage mata ƙarfi ko su canza ta, alhali a ido tana nan kamar lafiyayya. Bayan ambaliyar, Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, ta rufe kasuwar magunguna ta Gamboru, bayan da ta gano ana wanke magungunan da ruwa ya ci ana shanya su a rana don a sake sayarwa. Mataki ne mai zafi ga mutanen da suka riga suka yi asara. To amma a duba wanda zai sayi maganin: uwa ce da ɗanta yake zazzaɓi, wadda ita ma ruwan ya kore ta daga gida. Inda gyara yake shi ne a haɗa ƙwace gurɓataccen kaya da tallafi ga mai shi, domin wanda ya san za a rage masa asara ya fi saurin fito da abin da ya ɓoye.

Ruwan sha

Abin mamaki, babban abin da ake rasawa bayan ambaliya shi ne ruwa. Rijiyoyi sun cika da ƙazanta, masai sun tumbatsa, bututu sun fashe. Rijiyar da ambaliya ta shiga sai an yashe ta, an kwashe laka da tarkace, an wanke bangonta, an zuba sinadarin kulorin daidai gwargwado, an bar shi ya yi aiki, sannan a sake janye ruwan har warin ya ragu. Kafin a gama wannan, ruwan sha sai an tafasa shi ya yi ta ɓararraka na aƙalla minti ɗaya. A farkon watan Oktoba na 2024, makonni kaɗan bayan ambaliyar, gwamnatin Jihar Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara, wato cutar amai da gudawa. Kududdufan da suka rage kuma suka zama gidan sauro. Wannan ne dalilin da ya sa Hukumar Kare Muhalli ta Jihar Borno, wato BOSEPA, ta haɗa kwashe shara da feshin magani a unguwanni da kasuwanni da makarantu. Kwashe mushen dabbobi da binne shi da wuri yana cikin wannan aiki.

Ina za a kai shi?

Fitar da tarkace daga gida zuwa bakin titi rabin aiki ne. Idan tifa ba ta zo ta ɗauka ba, ruwan sama na gaba zai mai da shi cikin lambatu, lambatu ya toshe, ruwa ya sake kwanciya. A ƙasashen da suka ƙware, tun a bakin teku ake ware kaya: katako dabam, ƙarfe dabam, roba dabam, masu guba kuma a cikin mazubi na musamman. Mu ma muna da masu wannan aiki, ko da yake ba a cika girmama su ba. Su ne 'yan jari bola, waɗanda ke tsince ƙarfe da gorar ruwa da dalma su kai wa masu saye a kan sikeli. Duk abin da suka ɗauke ya rage wa juji nauyi. Abin da suke buƙata shi ne safar hannu da takalmi, da kuma sa ido don kada tsintar shara ta koma ɗaukar kayan mutane.

Ƙona tarkace a cikin unguwa yana da sauri, shi ya sa ake yawan yin sa. Amma hayaƙin katifa da leda da taya guba ne, kuma mutanen da suka kwana cikin sanyi da danshi ba su da ƙirjin shaƙarsa.

Ƙananan da ba sa tsintuwa

Babban tarkace yana da ban tsoro a ido, amma shi ne mai sauƙin kwashewa. Katafila da tifa sun ishe shi. Wahalar tana wurin ƙanana. A watan Mayu na 2021 jirgin X-Press Pearl ya kama da wuta kusa da birnin Kolombo na ƙasar Siri Lanka, ya yi kwanaki yana ci, sannan ya nutse. A cikin kayansa akwai ƙwayoyin roba, waɗanda masana'antu suke narkawa su ƙera bokiti da kujera da leda. Kowace ƙwaya ba ta wuce girman ƙwayar dawa ba. Kimanin tan 1,680 na waɗannan ƙwayoyi ne jirgin ya ɗauko. Suka lulluɓe gaɓar Negombo har yashi ya koma fari. Sojojin ruwa da 'yan sa kai suka yi ta kwasa da shebur, daga baya suka koma tankaɗe yashi da rariya, kamar yadda ake tankaɗe gari. Kifi da tsuntsaye suna haɗiye ƙwayoyin a zaton ƙwan kifi ne. Aka hana kamun kifi a yankin na wani lokaci, dubban masunta suka zauna babu sana'a. Irin wannan ya taɓa faruwa a nahiyarmu, a tashar Durban ta Afirka ta Kudu, a watan Oktoba na 2017, lokacin da guguwa ta zubar da kimanin tan 49 na ƙwayoyin roba a ruwa.

Roba ba ta ruɓewa kamar ganye ko katako. Rana tana gasa ta, ta yi ta farfashewa tana ƙara ƙanƙanta, amma tana nan. A watan Fabrairu na 1997 igiyar ruwa ta bugi jirgin Tokio Express a kudu maso yammacin Ingila, kwantena 62 suka faɗa teku. Ɗaya daga cikinsu tana ɗauke da 'yan ƙananan kayan wasan yara na kamfanin Lego, guda kusan miliyan 5. Har yau, bayan fiye da shekara 25, mutanen yankin Cornwall suna tsintar su a cikin yashi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Kogin Ngadda ba ya zuwa teku. Yana cikin kwarin Tafkin Chadi ne, kuma wannan kwari ba shi da mafita zuwa teku. Ke nan ledar da ruwa ya kwasa daga Monday Market ba ta tafi wata duniya ba. Tana nan a gindin gada, ko a gaɓar kogi, ko a gonakin shinkafa na Jere, inda garma za ta yi ta tono ta, awaki da shanu kuma su yi ta haɗiye ta. Duk mahauci ya san yadda ake samun dunƙulen leda a cikin tumbin dabba. Kwashe ta daga gona aikin hannu ne, kuma ya fi sauƙi da rani, lokacin da ƙasa ta bushe, ciyawa ta kwanta, kafin iskar hunturu ta ƙara watsa ta.

Wa zai biya?

A teku akwai wanda za a kama. Jirgi yana da mai shi, yana da inshora, kuma ƙa'idar da ƙasashe da yawa suke bi ita ce wanda ya ɓata shi zai gyara. Kamfanin MSC ya ɗauki nauyin tsamo kayan Zoe, aka yi watanni ana binciken ƙarƙashin teku da na'urar da ke gano abu ta hanyar amsa-kuwwar sauti. Duk da haka ba a tsamo komai da komai ba. A Siri Lanka kuwa sai da aka je kotu, kuma a watan Yuli na 2025 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukuncin a biya diyyar dala biliyan 1. Shekara huɗu ke nan bayan hatsarin, wanda ya nuna cewa samun wanda za a kama ba ya nufin kuɗi za su zo da wuri.

Ambaliyar gari ba ta da kamfanin inshora da zai aiko da jirgin kwasa. Nauyin ya faɗa kan gwamnatin jiha da ta tarayya, da hukumomin agajin gaggawa irin su NEMA da SEMA, da ƙungiyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya, da attajirai da sauran jama'a da suka ba da gudummawa. Amma shebur na farko a kowane gida mai gidan ne ya ɗauka, shi da maƙwabtansa. Tsohuwar al'adar aikin gayya, wadda aka saba yi a gona, ita ce ta dawo cikin birni: yau a taru a kwashe lakar gidan wane, gobe a koma gidan wance, a fara da na tsofaffi da na matan da mazansu suka rasu.

Saura tushen matsalar. Bayan hatsarin Zoe, masu bincike a Holan sun gano cewa a lokacin guguwa hanyar da ke kusa da tsibiran tana da hatsari ga manyan jirage saboda rashin zurfin ruwa, sai masu tsaron gaɓa suka fara ba su shawarar bin hanyar da ta fi nisa da gaɓa idan teku ta yi tsanani. A Borno, tambayar da jama'a suka yi ta yi ita ce yadda aka bar madatsa mai shekara kusan 40, wadda ta taɓa yin ambaliya, ta kai ga ɓallewa. A farkon shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta amince da kashe naira biliyan 80 don sake gina Alau da inganta ta, aka kuma ƙaddamar da aikin a watan Maris. Gyaran madatsa aikin injiniyoyi ne. Yashe lambatun da ke bin ƙofar gida da ƙofar makaranta kuwa yana hannun mazauna unguwa, kuma lokacinsa shi ne watan Afrilu da Mayu, kafin ruwan farko ya sauka.